Cinikin Biri a Sama

Sun sauka a jirgin safe, su uku,
da jakunkunan fata da tafinta,
za su sayi kashi sittin na masana'antar riɗi
ta Alhaji Sada, bayan Ƙofar Ƙaura.
Ni suka miƙa wa fitila,
suka ce in shiga rumbun in gano musu gindinsa.

Alhaji ya san ni tun ina tallan rake.
Ya ce, "Barista, ai duk gida ne.
Ubana bai taɓa sa hannu a takarda ba,
musafaha ce hatiminsa."
Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe,
sai dai musafaha ba ta tsallaka teku,
alƙali kuma ba ya karanta tafin hannu."

Kwana tara ina atishawa cikin fayil.
Injuna lafiya lau, suna ruri kamar bijimai.
Filin ne ya ƙi amsa sallama:
takardar mallaka da sunan mamaci,
gado shekara sha bakwai ba a raba ba.
Akwai ƙanwa a Jibiya, Gambo mai daddawa,
ba ta san kusurwar gabas tata ba ce,
daidai inda aka kafa sikeli.

A aljihun tebur na ƙasa,
ƙarƙashin tsohuwar kalanda,
wasiƙar banki, jingina.
Ƙarƙashinta harajin shekara huɗu.
Ƙarƙashinsa sammacin leburori sha ɗaya
da aka sallama ba kuɗin sallama.
Akawu Tambai na bakin ƙofa yana murza hula,
na yi tari kawai, ya zabura.
Mai kaza a aljihu, kun san sauran.

Baƙin ma ba da farin allo suka zo ba.
Na kai shafi na talatin da biyu na yarjejeniyarsu
na cire tabarau na goge:
riba a ƙirga da dala,
asara a ɗauka da naira,
in an saɓa, shari'a a wani birni
da Alhaji zai shekara yana neman bizarsa.
Su ke biyana, amma na gaya musu:
igiyar da kuka ɗaura wa abokin tafiya a wuya
ɗaya bakin a ƙugunku yake,
kuma rijiyoyin garin nan da zurfi.
Tafinta ya yi jim, ya sassauta murya ya juya.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.
Aikina ƙirga ramukan,
in faɗi wanda zai toshu,
in sa wa sauran farashi.

Muka zauna daga azahar har kiran isha,
shayi ya huce sau uku.
Kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin
zai kwana a hannun amintacce wata sha takwas,
ko wani bashi zai fito daga rami.
Leburori a biya su kafin biro ya taɓa takarda.
Babbar shawara sai da yardar ɓangare biyu.
Muka rubuta har yadda za a rabu,
tun ana dariya,
domin tun ran gini ran zane.

Gambo ta zo a motar haya, da jikanta,
ta sa aka karanta mata sau biyu da Hausa,
ta tambayi abin da lauyoyi uku ba su tambaya ba:
"In na mutu, wa ke da sikelin?"
Muka ƙara sakin layi.
Sannan ta dangwala yatsa.

Yau wata biyar.
Manyan motoci na layi har bakin titi.
Alhaji in mun haɗu a masallaci
yakan miƙo yatsu biyu, idonsa na kan takalminsa.
Jiya an aiko mini da ƙullin daddawa daga Jibiya,
ba wasiƙa.
Ofishina duk ya ɗauki warinta,
ban buɗe taga ba.