Kiɗan Kan Ganye

A Tamga, bakin tabkin Isik-Kul,
inna Bermet ta ɗaure farin zane tsakanin bishiyar tuffa biyu,
ta rataya fitila a bayansa.
Nawa aikin riƙe kwalba ne, da kama bakina.

Asu da buzuzu suka riga kowa zuwa.
Ba su muke jira ba.
Can sai ga shi, kore shar kamar ganyen albasa,
fiffike leshi, kana hango tafinka ta cikinsa,
ido ɗigon zinariya biyu.

Shekara talatin da ɗaya tana tara irinsa.
A ɗakinta na baya, durowa ta bakwai,
ɗari huɗu da sha biyu ne soke da allura,
kowanne da 'yar takardarsa, suna guda.
Ta ƙirga jijiyar fiffike har ido ya kawo ruwa,
ta auna baƙin zanen kumatu,
ta yanke cewa duk 'yan ɗaki ɗaya ne.

Bana wani ɗalibi ya aro mata na'ura daga Bishkek.
Aka sa ƙwaro a kofi, aka rufe da leda,
kan na'urar ya taɓa ledar.
Ashe kiɗa suke yi.
Ba da baki ba, ciki suke kaɗawa,
ganye ya ɗauka ya kai wa na kusa.
Na farko gur-gur-gur, babur da ya ƙi tashi.
Ta biyu dogon nishi ɗaya, sai hutu.
Muka haɗa su kofi guda,
suka kwana kamar baƙi a tashar mota,
ba mai jin yaren wani.

Inna ta cire tabarau, ta daɗe tana gogewa.
Ta ce, "Ermek, kama da wane ba ta wane."

Da safe ta jawo durowa ta bakwai.
Koren ya gudu tuni, sun koma launin kara.
Matacce ba ya kiɗa.
Wa za ta tambaya, kai ɗan wane gida ne?
Ta ajiye biro ta ɗauki fensir,
ta bi su ɗaya-ɗaya da alamar tambaya.
Kafin ta kai na ɗari shayinta ya huce.

Akwai wata da muka kama daren da aka yi iska.
Mun kunna mata kiɗan kowa, ta ƙi amsawa.
Nata take yi, gajere, sau biyar,
ta tsaya ta saurara.
Na ce, "Ki sa mata sunanki mana."
Ta ce, "Alƙali ba ya hukunci da shaida ɗaya."
Lamba kawai ta rubuta:
hamsin da takwas, Agusta, ganyen tuffa.

Sanyi ya fara saukowa daga dutse.
Har yanzu muna ɗaure zanen,
ni da kwalba, ita da fensir soke a ɗankwali.
A ɗaki kuwa, cikin kofi,
ta hamsin da takwas na nan tana kaɗa wa leda.