Sai Jirgin Ƙarfe Tara Ya Wuce

A bayan shagon facin taya na Kawu Dewitt
akwai ɗakin da a da ake jibge ruɓaɓɓun tayoyi.
Mun share, mun liƙe bango da kwalayen ƙwai,
ɗari biyu da 'yan kai, Ozella ta roƙo a gidan abinci,
don kada amo ya daki kwano ya dawo mana.
Har yau ɗakin warin roba yake yi.

Ni ce mai kwamfuta.
Da rana ina fiɗar tarwaɗa a masana'anta,
da dare in zo da ƙarni a farce,
in kafa makirufo ɗaya tilo a kan tsinken tsintsiya,
in cire wayar firij don ya daina gurnani.
Sau biyu ina mantawa, madara ta kwana ta yi tsami.

Tsoho Arlis ya zura wuyan kwalba a ɗan yatsa,
ya goga wa tsirkiyar jita,
sai ta yi kuka irin na ƙyauren da ba a taɓa ba shi mai ba.
Ozella na dukan katako da diddige,
muryarta kamar tsakuwa a cikin zuma.
Kawu ya dunƙule hamonika a tafin hannu
kamar mai hura wa ɗan tsako ɗumi.

Mun san doka: ƙarfe tara da kwata
jirgin kaya zai keta gonakin auduga na Misisifi,
a ajiye kiɗa, a kashe sauro, a jira.
Ran nan bai zo ba.
Muka jira har kwaɗi suka gaji,
Arlis ya ce, mu je kawai.
Waƙar ambaliyar da ta tafi da alfadarin babansa ce,
sau goma sha ɗaya tana kuɓuce mana,
ran nan ta zauna daram.
Muna tsakiyar baiti na uku
sai ga shi, a makare, da bushe-bushensa.
Na kai hannu zan tsayar,
Ozella ta harare ni, ba ta fasa rerawa ba.

Intanet ɗin gidanmu tafiyar kunkuru yake,
don haka na tuƙa mil sha huɗu
na faka a ƙofar laburare da tsakar dare,
ina lasar waifai ta gilashin mota,
ina kallon ɗan layin nan shuɗi yana jan ciki.

Kwana uku, mutum tara suka ji.
Biyar daga ciki ni ce.
Arlis ya ce, to ina take yanzu, waƙar?
Na nuna sama. Ya dubi kwanon rufi, ya girgiza kai.
Shi ya san faifai, abin da za ka riƙe,
ka ajiye a rana ya lanƙwashe.

Kiɗanmu bulus ne, masu ji ma bulus suke ci:
wata huɗu, dala shida da 'yan canji.
Muka sayi ƙanƙara da garin masara,
kifi kuwa ba a tambaye ni inda na samo ba.

Sai ga saƙo daga wata ungozoma a Nowe,
ta ce tana ji in ta tashi aikin dare,
tana tambaya: wane abin busa ne wannan
da ke shigowa a baiti na uku,
yake tayar mata da tsikar jiki?

Na karanta wa Arlis. Ya ce, maimaita.
Na maimaita.
Ya daɗe yana juya wuyan kwalba a hannu,
sannan ya ce, Tressie, sa sunansa cikin makaɗa.
Ya fi Dewitt zuwa gwaji,
kuma bai taɓa neman kaso ba.

Kawu bai yi dariya ba.
Amma yanzu in tara ta gota
sai ya tura taga da ƙafa.