Kurar Agali

Shekara tara yana turo mana ruwa
a lungunmu na Ƙofar Marusa,
jarka goma sha biyu, taya ɗaya na kuka.
Ba mu taɓa tambayar sunan garinsu ba.

Sai amai da gudawa ya biyo damina.
Ya ɗauki Talatu mai ƙosai ranar Laraba,
ya ɗauki jaririn Malam Zubairu kafin suna.

Wa ya fara faɗa? Oho.
Na dai ji a bakin masallaci:
“Buzun nan ne. Ai ba sa wanka.
Wa ya san abin da ke ƙarƙashin rawanin?”

Muka fasa jarkokinsa.
Ni na riƙe kurar, ba zan ɓoye ba.
Bai ce uffan ba.
Ya tsince murafen ɗaya-ɗaya, ya zuba a aljihu.

Ya bi motar Jibiya da asuba.
Cutar ba ta bi shi ba.

Da ma'aikata suka tona,
ga bututun famfon da muke murna in ya kawo,
a fashe, kwance cikin kwata,
daidai ƙofar gidana.

Har yau akwai kuɗin jarka huɗu a kaina.
Wa zan ba?