Ƙwaryar Cikin Giya

A Kanya Babba, gindin maina,
Marsandin Yaya Sabitu ta durƙusa.
Ta girmi ɗana na fari da damina uku,
ta kai riɗi Maigatari, ta kai mai naƙuda Gumel,
yau ga ta da duwatsu a ƙafa.

Injin lafiya lau.
Ka taka totur ta yi gurnani,
taya ko gezau,
kamar mai surfe a turmin da ba hatsi.

Ilu bakanike ya kwana biyu a ƙarƙashinta,
ya fito rungume da wani abu,
ƙwarya biyu ta ƙarfe, an kife, an ɗinke da walda.
Ya girgiza a kunnena: tsakuwa a gwangwani.
"Tokombata ke nan, Malam, 'yar aiken injin zuwa giya.
A cikinta ƙarfe ba ya gaisa da ƙarfe,
mai ne ke tura mai, saƙo ya isa.
Taka ta daina kai saƙo."

Na sayar da buhu biyu, na nufi Ƙofar Ruwa.
Wani yaro ya ce da ni Alhaji, ni da ban je ba.
"Duk ɗaya ne, Alhaji, Beljiyam ce, ko ƙura ba ta sha ba."
Na ga fenti, na ga sauƙi, na biya.

Ilu bai zage ni ba.
Tsinken ashana ya ɗauka, ya zura a bakinta,
yana ƙirga haƙora yana motsa leɓe.
Ya sake. Ya ajiye.
"Biyu sun yi yawa.
Kama da wane ba ta wane, Malam."

Komawa ta biyu, gawar na kan cinyata cikin buhu,
baƙin mai na yi wa farar rigata zane.
A aljihu karan dawa, Ilu ya yanka daidai wuyanta,
da takardar siminti mai hudar noti, shatin fuskarta.
Ya ce, "Goge tsatsa da fetur, akwai lamba.
In an nuna maka ta babban injin, an ce ta fi ƙarfi,
ka ce na gode.
Tsohuwa ba ta son gaggawa,
za ta dafa mai, ta cinye maka giya."

Rumfa bakwai na shiga.
Wata haƙora sun yi, wuya ya gaza da faɗin farce.
Wata wuya ya yi, noti ya kauce.
Dab da la'asar wani dattijo, Baba Nomau,
ya dubi karana bai yi dariya ba.
Ya tura yaro bayan shago,
aka jawo wata duk yanar gizo, mummuna,
kara ya kwanta a wuyanta cif,
takarda ta hau fuskarta, rami ya ga rami.
Na ƙirga da ashana har sau uku,
kamar ranar da na karɓi kuɗin sallama.

Ilu ya fara shayar da ita jan mai, kamar zoɓo,
ya ɗora, yana juyawa a hankali, kunne a ƙarfe.
Ƙas.
Ƙas.
Shiru.
Yaronsa ya miƙo sifana, ya buge hannun.
"Wanda ya ɗaure kafin ta uku, famfo ya fasa."
Ya juya, ya lallaɓa, gumi na ɗiga a gemu.
Ƙas.

Da na ja sanda zuwa gaba,
sai ta ɗan ɗaga kafaɗa, ta nisa,
ta taka, ba fizga, ba tari.
Kujerar har yau da lotsawar Yaya,
ni kuwa ban cika ta ba.

Wadda ta mutu tana kan rufin ɗakin awaki,
tana danne kwano kada iska ta yaye.
Mai fentin kuwa tana ƙarƙashin gado,
yaron ya ce in dawo wata Laraba.