Gidan Ɗan Italiya

Ɗari biyu aka ce mana a bakin ƙofa.
Kawu Barau ya biya yana dariya:
"Ni na kafa ƙyauren nan da hannuna,
yau ga ni ina sayen izinin shiga."

Wani ɗan Italiya ne ya gina gidan,
in ji yarinyar da ke mana jagora.
Kawu ya ce, "Zane dai nasa ne.
Dutsen daga gindin Kufena muka fasa,
yashin Kubanni ya zo a kan jakuna,
sule biyu wuni, kuma ba a zama."

Lambun ya tsufa da mutuncinsa.
Inabin da Bature ya dasa ya ƙi ƙasar,
damina uku yana lallashi, ya haƙura.
Lemun tsami ya gaje gurbin,
zogale ya shigo ba gayyata.
Kwamin da ruwa ke tsartuwa a da
ya bushe ƙayau, sai ƙadangare a ciki
yana gyaɗa wa kowa kai
kamar shi aka bar wa gadon.

Inda ake cin abinci da cokali mai yatsu
nan aka jera abin da ƙasa ta amayar:
gatarin aradu, kashin maƙera,
dutsen niƙa da ciki ya lotsa
don yunwar mutanen da ba mu sani ba.
Can a kusurwa, ƙarƙashin gilashi,
wani tsingaro bai kai tafin hannu ba,
a leɓensa shatin babban yatsa.
Wata ta danna yumɓu tun yana ɗanye,
wataƙila da goyo a bayanta.
An ba ta lamba. Ba ta da suna.

Kawu ya daɗe a sunkuye.
Sai ya ja ni waje, bayan matakala,
ya share ƙura da gefen hularsa.
Ga yatsa a siminti, ƙarami, na yaro.
"Ranar Bature ya tafi Kaduna.
Shekarata sha huɗu."
Ya ɗora na yanzu, ya yi masa yawa.

"In an tono ni, Jatau, lamba nawa za su ba ni?"
Ban amsa ba.

Da za mu fita ya tsinki lemu guda
a idon mai gadi, ya jefa aljihu.
Ya ce, "Cikon ladana."