Gurbin Yatsa

Shekara uku ina walda a tashar jiragen ruwa ta Gdansk,
ina cusa ziloti a gwangwanin shayi.
Yau na shigo shagon Ludomir, ƙanƙara na narkewa a kafaɗata.

Ga sabuwa dal rataye a bango,
jitar bas mai ƙamshin fenti,
takardar garanti na lilo a wuyanta.
Na taɓa ta, ta amsa da ladabi,
irin gaisuwar wanda bai san sunana ba.

Can lungu kuma ga ta gwanjo,
jikinta duk ƙwarzane, fenti ya koɗe
daidai inda babban yatsan wani ya shekara talatin yana hutawa.
"Ta Bogumil ce," in ji Ludomir,
"matarsa ta kawo bayan jana'iza.
Ragin ɗari takwas ne kacal, ba alfarma na yi maka ba.
In ta lalace, ban san ka ba."

Na ja tsirkiya mai kauri.
Gilashin taga ya ɗauki rawa,
har a haƙorana na ji ta.

Na juye gwangwanin kan teburi.
Yatsana bai cika gurbin ba tukuna,
amma ba sauri nake ba.