Gurbin da Aka Bari

Ƙarfe uku na dare a Gdansk,
jiragen ruwa na gurnani a tasha,
Bogumila na koya wa na'ura yadda ake kai kuka.

Duk abin da zai faru, sai an raɗa masa suna
tun ba a haife shi ba:
fanka ta tsaya, faifai ya cika,
wuta ta ƙyafta ido.
Sai a ba shi lamba gwargwadon nauyinsa.
Ɗari biyu, a rubuta a ajiye.
Ɗari shida, a tashi mutum daga barci.

Saƙon kuwa riga ce da aka ɗinka ba a san mai sawa ba:
"Zafi ya kai … a ɗaki na …"
Ranar da abin ya auku, shi zai cike gurbinsa.

Cikin tsofaffin fayiloli ta ci karo da hannun Zdzislaw,
wanda suka binne bara:
"Zafi ya kai … Buɗe taga, yarinya, ki sha shayi."
Lamba ɗari ya ba shi.

Ƙa'ida ta ce a goge.
Ta ɗaga yatsa, ta jima.
Sannan ta mai da shi ɗari shida.